Me Ya Sa Azumi Yake Matsowa Kowace Shekara?



A Najeriya mun ɗauki azumi ranar 23 ga Maris a 2023, ranar 11 ga Maris a 2024, sai ranar 1 ga Maris a 2025. Kun lura kullum matsowa yake yi?

Dalili shi ne, Musulunci da wata yake lissafi. Wata kwana 29 ne ko 30, shekarar Musulunci kuwa kwana 354 ko 355. Shekarar bature kwana 365 ce, ke nan akwai ratar kusan kwana 11. Shi ya sa a nan Rido ba ma dogara da kalanda, sai mun ji sanarwar ganin wata daga Sarkin Musulmi, Alhaji Muhammad Sa'ad Abubakar.

Cikin shekara kamar 33, Ramadan yakan zagaye bazara, hunturu, kaka da damina. Iyayenmu sun yi azumi ana ruwan sama. Mu kuwa mun fara namu cikin zafin Maris, ga karatu ga ƙishirwa. A ganina hikimar Allah ce, kowa ya ɗanɗani wuya da sauƙi.

Wannan matsowar ce ta sa a 2025 azuminmu ya haɗu da na Kiristoci, waɗanda suka fara azuminsu na kwana 40 ranar 5 ga Maris, kwana huɗu bayanmu. Wataƙila wanda kuke benci ɗaya da shi ma azumi yake yi. Kada yunwa ta sa mu zagi ko tsokana, domin baki ma yana azumi.

Allah ya karɓi ibadarmu, amin.