Ranar da Kaka Ta Ƙi Muryarta

Jama'a, Kaka ta zo mana Manchesta daga Kano, mako uku kacal za ta yi. Ni da Hausar tawa ke ɗingishi, na ce wallahi sai na naɗe tatsuniyoyinta kafin ta koma. Na jona makirufo da ɗan amfilifayan da na harhaɗa da hannuna, mai ƙara wa sauti ƙarfi kafin ya shiga kwamfuta. Da muka saurara sai ta ce, "Kai maigidan, wace tsohuwa ce wannan mai magana ta hanci?" Muryar ta sirance, in ta yi dariya kuma sai ƙara-ƙara.

Na so in ɗora wa makirufo laifi, amma na ce bari in auna tukuna.

Na cire makirufon, na sa manhajar Audacity ta fitar da sauti tsantsa mai kaɗawa sau 1,000 a daƙiƙa, wato 1,000 Hz. Na rage ƙarfinsa da resistoci, don abin da makirufo ke bayarwa 'yan dubbai ne na bolt ɗaya, sannan na zuba shi cikin amfilifayan. Na kirki, abin da ka ba shi zai mayar maka, sai dai da ƙarfi. Nawa fa? A zanen da manhajar ta nuna, ga baƙin da ban gayyata ba a 3,000 da 5,000 Hz. Alamar ya ƙure ke nan, yana aske kan sautin. Da na sassauta ƙarfin suka lafa.

Awo na biyu, na bi sautin daga 20 Hz har 20,000, iyakar jin kunnen ɗan Adam. Kamata ya yi layin ya miƙe ɗoɗar. Nawa daga 300 Hz zuwa ƙasa sai gangara, alhali gindin muryar mace wajen 200 yake. Wata kafasita ce ta yi ƙanƙanta. Na sa wadda ta ninka ta goma, gangarar ta koma 30 Hz.

Shawara ɗaya: ku fara auna kwamfutar ita kaɗai, mafita jone da mashiga, kada ku ɗora wa amfilifaya laifinta.

Daren nan muka sake. Ta saurara, ta ce, "Yauwa, yanzu na ji ni." Tatsuniya 14 na samu kafin ta tafi.