Uwar garke ta ƙungiya: yadda ake girka ta, da wanda ya kamata ya riƙe makulli

A shirin wannan mako mun tattauna tambayar da shugabannin ƙungiyoyi ke yawan aiko mana: lissafin adashe, bashin dusa da angurya, da dabbobin da aka sayar ranar kasuwa, ina ya kamata a ajiye shi? Littafin takarda ruwa na ci, gara na ci. Wanda ke cikin WhatsApp ɗin sakatare kuwa, ranar da wayarsa ta faɗi a tasha, lissafin kowa ya bi ta.

Akwai hanya ta uku. Ƙungiya ta ware kwamfuta guda ɗaya wadda aikinta kawai ta riƙe lissafi, wayoyin mutane su riƙa kai mata bayani suna karɓa. Irin wannan kwamfuta ake kira uwar garke, sunan da ba sai an fassara wa makiyayi ba. Ita ba ta yawo. Ku ɗauke ta kamar sito mai taga: waya ta zo bakin taga ta ce "rubuta cewa wane ya biya jika goma", ko "nuna mini bashina", sito ya duba ko mai tambayar yana da izini, sannan ya amsa. Wannan taga ita masana ke kira API.

Me ya sa ba za a bar lissafin a intanet kawai ba? Ku tuna watan Satumba na 2021, lokacin da aka katse layukan waya a jihar Zamfara da wasu ƙananan hukumomin Katsina da Sakkwato. Ku tuna Maris na 2024, da wayoyin intanet na ƙarƙashin teku suka lalace, ƙasashen Afirka ta Yamma da dama suka shiga matsala. Uwar garken da ke ofishinku, wayoyi na samunta ta wayfay ɗin ofis, ko akwai rezo ko babu.

Manhajar da muka ɗauka misali sunanta PocketBase. Kyauta ce, wani ɗan ƙasar Bulgeriya ne ya fitar da ita a 2022. Mun zaɓe ta don fayil guda ne tak, kuma ma'ajiyar bayanai da shafin kula duk suna cikinsa. Amma ku ji wannan tun yanzu: sito ne da taga, ba ta zuwa da fom ɗin da ɗan ƙungiya zai cika a waya. Sai an samu yaro ko yarinya mai ilimin kwamfuta ya tsara wannan shafi, kuma a biya shi haƙƙinsa.

Na'urar fa? Wasu za su ce ku sayi Raspberry Pi, 'yar ƙaramar kwamfuta mai shan wuta kaɗan, kuma lalle tana ɗaukar wannan aiki. Ni dai tsohuwar kwamfutar cinya na fi ba ku shawara. Tana da batirinta, in an ɗauke wuta ba ta mutuwa nan take. Akwai kuma batun agogo: Raspberry Pi 4 ba ta da agogon da ke ci gaba da tafiya in an kashe ta, daga intanet take gyara lokaci. In ta tashi babu intanet, sai ta buga wa rasit kwanan watan da ba shi ba, kuma kun san rigimar bashi daga "yaushe ka biya?" take farawa. A haɗa ta da sola da batir, a ɗora ta a sama inda iska ke ratsawa, nesa da ƙurar hunturu da zafin kwano.

Girkawar kanta ba ta da tsawo. A sauko da fayil ɗin da ya dace da kwamfutar daga shafin PocketBase na asali, kada a karɓa daga hannun wani a kasuwa. A buɗe shi cikin jaka guda, a rubuta umarnin ./pocketbase serve sai ta tashi. A karon farko za ta nemi a buɗe asusun babban mai kula, da imel da kalmar sirri. Za ta kuma ƙirƙiri wata jaka mai suna pb_data. Ku riƙe wannan suna, domin duk dukiyar lissafinku a ciki take kwana.

A nan ne masu girkawa da yawa ke cijewa. In an tayar da ita haka kawai, kwamfutar ce kaɗai ke ganinta, a adireshin 127.0.0.1:8090. Domin wayoyi su same ta, sai an ƙara --http=0.0.0.0:8090 a bayan umarnin. Sannan a shiga na'urar raba wayfay a ba kwamfutar adireshi tsayayye, in ba haka ba gobe ya canja, wayoyi su yi ta nema babu ita. Kuma a saita ta ta riƙa tashi da kanta duk lokacin da aka kunna kwamfutar. A Linux, systemd ke wannan aiki.

Daga nan sai tsara littattafai a shafin kula: na 'yan ƙungiya, na bashi, na sayar da dabbobi. Mu da muke ciniki tsakanin Maraɗi da Jibiya, ko Ƙonni da Illela, kada mu yarda a yi gurbin kuɗi guda ɗaya. A yi gurbin adadi daban, gurbin naira ko sefa daban, da na canjin ranar. Kuma a rubuta sefa da ainihin lambarta. A baki dala ɗari muke cewa, amma a na'ura 500 za a sa. In wani ya rubuta 100, wani ya rubuta 500, lissafi ya rikice ba tare da kowa ya ci ko dala ba.

Yanzu ga babbar magana. Kowane littafi yana da dokoki biyar: wa zai ga jerin, wa zai buɗe bayani guda, wa zai ƙara, wa zai gyara, wa zai goge. Da farko duka biyar ɗin a kulle suke, babban mai kula kaɗai ke iya taɓawa. Mai girkawa da ke gaggawa yakan buɗe kullen ya bar gurbin dokar babu komai don aiki ya yi sauri. Gurbi babu komai ma'anarsa kowa. Duk wanda ya hau wayfay ɗinku zai iya karanta wa ke da shanu nawa, wa ya sayar da bijimi yau, wa zai koma ruga da kuɗi a aljihu. A wannan zamani na ɓarayin shanu da masu satar mutane, wannan jeri ya fi kwamfutar tsada. Ku sa mai girkawa ya nuna muku da idonku: ɗan ƙungiya nasa lissafin kawai yake gani, sakatare ne ke ƙarawa, gogewa kuwa a bar ta a kulle. Ku gwada da wayar da ba ta yi rajista ba, in ta ga wani abu, aiki bai ƙare ba. Wayfay ɗin ma a sa masa kalmar sirri mai ƙarfi, kada ya zama na masu cajin waya. Ni a ganina ma, abin da ba dole ba, kamar wurin da garke yake kwana, kada a rubuta shi sam.

Kalmar sirrin babban mai kula kada ta zauna a kan mai girkawa shi kaɗai. Yaro na iya samun aiki a Yamai ko Kano ya tafi. A rubuta ta a takarda, a rufe a ambulan, shugaba ya riƙe ɗaya, ma'aji ɗaya.

In kuna son 'yan ƙungiyar da ke ƙetaren iyaka su riƙa dubawa daga can, nan kuɗi ya shigo. Layin waya yawanci ba ya ba da adireshin da za a same ku daga waje, sai dai a yi hayar uwar garke ta wata-wata, a sayi sunan shafi. PocketBase na iya karɓo takardar kulle hanya kyauta daga Let's Encrypt, ta kwana 90, tana sabunta ta da kanta. To amma an koma dogara da rezo, kuma ƙofar tana kallon duniya. Ƙungiyar da ranar kasuwa kawai take haɗuwa ba ta buƙatar wannan.

Saura kwafi. A shafin kula akwai wurin ɗaukar kwafin jakar pb_data, ana ma iya saita shi ya riƙa yi da kansa. Kwafin da ya zauna cikin kwamfutar, in an sace ta, tare za su tafi. Duk ranar kasuwa da yamma a zuba shi a filash, ma'aji ya tafi da shi gida. Manhajar ba ta kai fitowa ta 1.0 ba, masu ita da kansu sun ce sabuntawa na iya canja abubuwa, don haka a ɗauki kwafi kafin a sabunta, kuma kada a sabunta ana gobe kasuwa. Sau ɗaya a wata a ɗora kwafin a wata kwamfutar, a buɗe lissafin mutum uku, a gwada da littafin takarda, wanda za a ci gaba da cikawa har sai damina guda ta wuce.