Murabus, Sallama da Kora a Kwalejojin Nijeriya

Rabuwar ma'aikaci da kwalejin da yake yi wa aiki tana zuwa ne ta hanyoyi uku, waɗanda jama'a kan haɗa su wuri guda alhali doka ta bambanta su. Murabus shi ne ma'aikaci ya ajiye aiki bisa raɗin kansa, sallama kuwa ita ce hukuma ta kawo ƙarshen yarjejeniyar aiki bayan ta ba da wa'adi, yayin da kora take zama hukunci a kan babban laifi kamar almundahana, sayar da maki ko cin zarafin ɗalibai.

Dokar Ƙwadago ta 1974, a sashe na 11, ta ƙayyade mafi ƙarancin wa'adin da kowane ɓangare zai bayar: kwana ɗaya idan aikin bai wuce wata uku ba, mako ɗaya idan bai kai shekara biyu ba, mako biyu idan bai kai shekara biyar ba, sai wata guda ga wanda ya shekara biyar ko fiye, kuma ana iya biyan kuɗi a madadin wa'adin. Sai dai wannan doka ta fi shafar ƙananan ma'aikata, domin malamai da manyan jami'ai suna bin sharuɗɗan aikin kwalejinsu ne, waɗanda galibi sukan nemi sanarwar wata uku, saboda kada malami ya bar ɗalibai ana tsakiyar zangon karatu.

Wajen kora ne lamarin ya fi nauyi, musamman a kwalejin gwamnati da doka ta kafa kuma ta tsara yadda ake raba ma'aikaci da aikinsa. A shari'ar Olaniyan da Jami'ar Legas ta 1985, Kotun Ƙoli ta tabbatar da cewa irin wannan ma'aikaci ba a cire shi sai an bi matakan da dokar ta shimfiɗa. Wannan ne ya sa ake fara ba wanda ake zargi takardar tuhuma, ya amsa a rubuce, ya kare kansa a gaban kwamitin ladabtarwa, kafin hukumar gudanarwa ta yanke hukunci. Idan aka tsallake waɗannan matakai, Kotun Ma'aikata ta Ƙasa, wadda gyaran tsarin mulki na 2010 ya ba ta hurumin sauraron irin waɗannan ƙararraki, tana iya mayar da shi bakin aiki tare da biyansa albashin da ya rasa, ko da zargin yana da tushe.

Saboda haka tafiya da gwani, a nan, ita ce tafiya da takarda. Wajibi ne mai murabus ya rubuta sanarwa, ya miƙa kayan kwaleji da sakamakon ɗalibai, ya kuma karɓi shaidar amincewa, domin wanda ya ɗauke ƙafa ba tare da sanarwa ba ana ɗaukarsa mai gudun aiki, laifin da shi kansa yake jawo kora.