Sensa a Akwatin Wasiƙa: Yadda Waya Ke Sanar da Kai Saƙo Ya Iso

Idan kana kallon finafinan Amurka, ka sha ganin wani akwatin ƙarfe a kan sanda a bakin titi, da 'yar jar tuta a gefensa. Akwatin wasiƙa ke nan, wanda wani injiniyan gidan waya mai suna Roy Joroleman ya zana a 1915. Da yawa suna zaton tutar ce ke nuna wasiƙa ta iso. Ba haka ba ne. Mai gida ne ke ɗaga ta don ma'aikacin gidan waya ya san akwai wasiƙar da zai tafi da ita. Shi kuwa mai gidan, babu abin da ke gaya masa an kawo masa saƙo, sai dai ya taka ya leƙa.

A can wannan ba ƙaramin abu ba ne. Cekin banki, katin cirar kuɗi da takardun haraji duk ta akwatin suke zuwa, kwana shida a mako, kuma yawancin akwatunan ba su da kwaɗo. Muddin wasiƙa ta kwana a ciki, ɓarawo ya samu dama. Hukumar gidan wayar ƙasar, USPS, ta yaɗa tsarin Informed Delivery a 2017, mai turo hoton ambulan ta imel, amma da farko abin da ke tafe kawai yake nunawa, ba lokacin da aka jefa shi ba. Wannan giɓin ne sensa ke cikewa.

Yadda sensar ke gane an buɗe

Mafi sauƙi ita ce sensar ƙofa. Gida biyu ce: maganaɗisu a jikin murfi, da wani ɗan bututun gilashi mai siraran ƙarafa biyu a jikin akwati. Maganaɗisu na kusa, ƙarafan na manne. Da an buɗe murfi sai su rabu, sensa ta farka ta aika sigina. Akwai kuma sensar motsi, mai gane ɗumin hannu idan ya shiga. Irinta kamfanin Ring ya fitar a 2020 a kan dala 30. Ta ƙofa ta fi tabbas, don rana na iya gasa akwatin ƙarfe har ta motsi ta rikice.

Inda gizo ke saƙar

Gane an buɗe murfi ba shi ne aiki ba. Aikin shi ne saƙon ya fita daga akwatin ya isa cikin gida. Rufaffen akwatin ƙarfe yana tare siginar rediyo, abin da ake kira kejin Faraday. Ga nisa, ga bango, ga shi babu soket a bakin titi, dole sai batir. Saboda haka hanyar sadarwar da sensa ke bi ta fi sunan kamfaninta muhimmanci.

Wi-Fi ba ya buƙatar ƙarin na'ura, amma akwai shan batir. Ɗauki guntun ESP32 da masu haɗa kayansu da kansu ke amfani da shi: idan yana barci, kusan maikro-amfiya 10 yake ja, amma da ya tashi yin magana da rauta sai ya haura mili-amfiya 100, wato ninki dubu goma. Idan sigina ba ta da ƙarfi, zai daɗe yana lalube, batir na zuba.

Zigbee ya fi tattali. Sensar ƙofa ta Aqara na aiki da ɗan batir irin na agogo, CR1632, wanda kamfanin ya ce yana kai shekara biyu. Sai dai tana buƙatar uwar na'ura a cikin gida, kuma zangonta gajere ne. Dabarar ita ce a jona wani soket na Zigbee a ɗakin da ya fi kusa da titi, don na'urorin da ke kan wutar gida suna miƙa saƙon 'yan uwansu.

LoRa kuwa don nisa aka yi shi. A Amurka yana aiki a kan megahaz 915, ƙasa da 2,400 na Wi-Fi, kuma 'yan bayanai kaɗan yake ɗauka. Kamfanin YoLink ya ce sensocinsa na kai kusan mita 400 a fili. Ga saƙon da bai wuce “an buɗe” ba, hakan ya wadatar.

Ko wanne ka zaɓa, eriya ta kasance a wajen ƙarfen. Shi ya sa ta Ring ke zuwa da eriyar da ake maƙalawa a bayan akwati.

Sai kuma manhaja

Sensa ba ta san wa ya buɗe ba. Idan ka bar ta haka, kai ma da ka je ɗaukar wasiƙa wayarka za ta yi ƙara, in iska ta kaɗa murfi kuma sanarwa biyar su shigo a jere. Mako guda ka gaji ka kashe ta, amfaninta ya ƙare. A manhajar Home Assistant, wadda Paulus Schoutsen ya fara a 2013 kuma kyauta ce, ana magance wannan da alama ɗaya: “akwai saƙo”. Buɗewar farko ta kunna alamar ta turo sanarwa, a yi biris da duk motsi na minti biyu, buɗewa ta gaba ta kashe alamar ba tare da ƙara ba. Ka sa ta riƙa faɗa maka ƙarfin batir ma, don matacciyar sensa da akwatin da babu komai shiru ɗaya suke yi.

To mu fa?

A Kano ko Maraɗi, mai akwatin wasiƙa a gidan waya yake da shi, mai kawo kaya kuma kiranka yake yi a waya. Amma sensar ba ta san wasiƙa ba, buɗewa ta sani. Get ɗin gida, ƙofar shago da kejin janareta duk ƙarfe ne, duk suna nesa da rauta, don haka matsalar ɗaya ce. Mu har da ƙari: idan aka ɗauke wuta, sensa na raye a kan batir amma rauta da uwar na'ura sun mutu, sanarwa ba za ta zo ba. Sai ka tanadar musu ƙaramin batirin ajiya ko ka ɗora su a kan sola.

Kafin ka biya ko sisi, yi wannan gwajin. Je ka wurin da kake son maƙala sensar, ka rufe ƙofar, ka kara wayarka a daidai wurin ka duba sandunan Wi-Fi. In ka ga ɗaya ko babu, kada ka sayi sensar Wi-Fi komai arharta. Nemi Zigbee da soket a tsakani, in nisan ya yi yawa kuma ka nemi LoRa.