Firgicin Ma'aikaci da Aikin Masanin Halayyar Ɗan Adam a Masana'antun Kano

Unguwannin masana'antu na Sharaɗa da Challawa da Bompai sun daɗe suna riƙe da dubban magidanta a Kano ta hanyar masaƙu da kamfanonin jima da na roba, sai dai ma'aikacinsu yana ɗauke da nauyin da ba a cika magana a kansa ba. Wani inji ya datse masa yatsu, wani an sallame shi bayan ƙarancin wutar lantarki da kwararowar atamfa daga waje sun durƙusar da kamfaninsa, wani kuma yana Bompai ranar 20 ga Janairu 2012, lokacin da 'yan Boko Haram suka kai hari hedikwatar 'yan sanda da ke can da wasu wurare a birnin, aka rasa rayuka aƙalla 185.

Masana suna kiran abin da ke biyo bayan irin wannan musiba ciwon firgici, wato halin da mutum ke ci gaba da ganin abin da ya faru a mafarki ko a farke, yana zabura idan ya ji ƙara, barci ya ƙaurace masa, har ya guji wurin da abin ya auku. Sau da yawa dangi kan ce shafar aljanu ce ko raunin tawakkali, shi kuwa mai ciwon yakan ɓoye don gudun a ce ya taɓu, wani ma ya faɗa shan ƙwaya.

Masanin halayyar ɗan Adam ya bambanta da likitan ƙwaƙwalwa, domin shi ba magani yake rubutawa ba, da sauraro da tattaunawa mai tsari yake aiki, yana koya wa majiyyaci yadda zai fuskanci abin da ke razana shi sannu a hankali. Matsalar ita ce irin wannan kulawa ta taru a asibitin Dawanau da Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano, inda lebura mai cin guminsa na yini ba ya zuwa sai abu ya ta'azzara.

Nijeriya tana da abin koyi a gida. Tun 1954 Farfesa Thomas Adeoye Lambo ya zaunar da majiyyata tare da danginsu a ƙauyukan Aro da ke Abeokuta, sannan Dakta Fatima Akilu, wadda ta yi aiki a ofishin mai ba shugaban ƙasa shawara kan tsaro kafin ta jagoranci Gidauniyar Neem, ta tura masu ba da shawara cikin adaidaita sahu zuwa ga waɗanda rikici ya ɗaiɗaita a Borno.

Dokar biyan diyyar ma'aikata ta 2010 ta amince da damuwar ƙwaƙwalwa a matsayin lahanin da aiki ke jawowa, dokar lafiyar ƙwaƙwalwa da aka sa wa hannu a Janairu 2023 kuma ta maye gurbin ta 1958. Ya rage ga gwamnatin Kano da masu masana'antu da ƙungiyoyin ƙwadago su kai wannan kulawa har ƙofar kamfani, tare da limaman unguwanni, waɗanda su mutane suka fi kai wa kuka.