Maganin mantuwar tsufa: abubuwan da ya kamata ka sani

A ƙauyukan Tanut da Balbeji, in tsohuwa ta fara nanata tambaya ɗaya, ko ta ɓace tsakanin gida da rijiya, sai a ce gigin tsufa ne. Ranar kasuwa kuma ga mai tallan ƙwayoyi da "maganin buɗe ƙwaƙwalwa". Masu bincike dai har yanzu yawancin nasararsu a jikin ɓeraye take.

Yaya ake auna mantuwar ɓera?

A 1981 Richard Morris ya bayyana wata dabara: babban baho cike da ruwa, an zuba madara har ba a ganin ƙasa, an ɓoye ɗan dakali a ciki. Ƙaramin ɓera cikin ƴan kwanaki yake haddace wurin, ya nufe shi kai tsaye. Tsoho ɗan shekara biyu sau da yawa sai ya yi ta kewaye.

Me aka gwada?

A 2009 wani magani mai suna rapamycin ya tsawaita ran tsofaffin ɓeraye, daga baya aka ga yana taimaka musu wajen koyo. A 2014, a jami'ar Stanford ta Amurka, an yi musu allurar ruwan jinin ƙanana, tunawarsu ta ƙaru. A 2020 kuma wani sinadari mai suna ISRIB ya farfaɗo da ita cikin kwanaki kaɗan.

To me ya hana a ba kaka?

Rapamycin yana raunana garkuwar jiki, abin tsoro ne ga wanda ƙarfinsa ya riga ya ragu. Sannan daga 2002 zuwa 2012 an gwada magunguna 244 na cutar Alzheimer a kan mutane, ɗaya tak ya samu izini. Akwai abin da ya fi damuna: sau da yawa a binciken da ake yi kan ganyaye irin su zogale, lafiyayyen ƙaramin ɓera ake ɗura wa maganin scopolamine don ya yi mantuwar wucin gadi. Wannan ba tsufa ba ne.

A Damargu, yankin su Tanut, fa?

Hawan jini, ciwon suga, kurumta da ƙarancin bitamin B12 duk suna iya dagula tunani, kuma ana iya duba su a likita. In ruɗewar ta zo farat ɗaya, musamman da bazara, a fara zargin zazzaɓi ko ƙarancin ruwa a jiki, a kai tsohon likitar Tanut a ranar, in ya fi ƙarfinsu su tura shi Damagaram.