Fayil ya ɓace? Ɗauke hannunka tukuna

Ba kasafai fayil ke mutuwa a daidai lokacin da aka goge shi ba. Abin da mai shi ya yi bayan nan, cikin ruɗewa, shi ke ƙarasa shi.

Kwamfuta tana da rajistar da ke nuna inda kowane fayil yake a faifan ajiya. Idan ka goge takarda, har ka zubar da kwandon shara, rajistar kawai ake gyarawa. Kamar mai gidan haya ne da ya soke sunan ɗan haya ya ce ɗaki ya samu, alhali kaya na nan ciki sai ranar da sabon mutum ya tare. Duk abin da ka sauke ko ka adana daga baya na iya zama wannan sabon mutumin. Shi ya sa wanda ya ruga ya girka manhajar ceto a kan faifan da abin ya ɓata yake iya binne takardarsa da hannunsa. Manhajojin ceto irin su Recuva, PhotoRec, da Windows File Recovery wadda Microsoft ya fitar a 2020, duk ana samunsu kyauta, amma a sauke su a wani faifan, abin da aka ceto ma a zuba shi can.

Sababbin kwamfutoci masu faifan SSD ba su da wannan sassaucin. Wani umarni mai suna TRIM kan sa a share gurbin ba da jimawa ba.

Kafin a kai ga nan, sau da yawa fayil ɗin ba a ma goge shi ba. Ɗalibar da aka ɗauke wa wuta tana tsakiyar babi na huɗu ta sake buɗe Word: manhajar kan ajiye kwafin ko-ta-kwana duk minti 10, in ba a sauya tsarin ba, kuma a sashen File akwai wurin dawo da takardun da ba a adana ba. Google Drive yana riƙe abin da aka jefa shara kwana 30.

Filash kuwa halinta daban. Abin da aka goge a kanta yawanci ba ya biyawa ta kwandon shara. Sannan ga cutar nan da ake kwasowa a shagunan buga takardu: ka soka filash, ka tarar folda duk sun koma gumaka masu 'yar kibiya a gindi, amma ma'auni na nuna filash ɗin cike take. Takardun suna nan, ɓoye su aka yi. A kashe cutar, a sa kwamfuta ta nuna ɓoyayyun fayiloli, ko a yi amfani da umarnin attrib, za su fito. Idan yaron shago ya ce «sai dai a yi mata fomat», karɓi abarka ka nemi wani.